Kawu, Wanda Ba Ya Amsa Sallama Sai Itace Ya Tsaya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu aron Kawu, Ya kuma karɓi abinsa ranar da Ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya rasu a Funtua da kaka, ana tsakiyar cirar auduga, bayan ya yi 'yar jinyar ciwon ƙirji. Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, daura da rumfar da ya ƙare rayuwarsa yana aiki a ciki, sai na zauna ina sauraren masu ta'aziyya. Abin da na ji a bakinsu shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada wata rana a wayi gari ba a tuna da shi sai ta gefe ɗaya.

Tsofaffin masaƙa sun zo, suka ce tun da ya fara yi musu kwarkwaro zare bai ƙara sarƙe musu ba. Kafintoci sun zo, suka ce ƙafar gadon da ta fito daga hannunsa ko a cikin dubu suna gane ta. Wani Bamaguje daga wajen Maska, wanda ya daɗe yana kawo masa itace, ya zo ya tsuguna a bakin tabarma, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa. Ɗan Bayaraben da ya koya wa Kawu sana'a shi ma ya zo. Kirista ne, haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi ta wasunmu gyara. Ya ce mahaifinsa har ya mutu yana cewa a duk waɗanda ya koyar, Kawu ne kaɗai ya wuce shi.

Amma kowa ya gama yabonsa, sai ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, Allah Ya jiƙansa, sai dai fa ba ya amsa sallama. Wasu da raha suke faɗa. Wasu kuwa ka ji har yanzu abin yana musu ciwo.

Mutum ɗaya ne bai yi murmushi ba, shi ne wansa, wanda muke kira Kawu Babba. Daga Malumfashi ya zo, can ne gonakin gidansu suke. Shi ke karɓar gaisuwa, kuma tun da ya zauna ya juya wa rumfar baya. Bayan la'asar, a gaban jama'a, ya ce idan an tashi daga zaman makoki za a kwance injin nan na sassaƙar itace, a rushe rumfar, babban ɗan marigayi ya kwashe iyalinsa ya dawo gona.

"Ya cinye yatsun ƙanina, ya cinye ladabinsa," in ji shi. "Ba zan zuba ido ya cinye na ɗansa ba."

Babban ɗan nan taubashina ne, tare muka tashi muna tsokanar juna. Magidanci ne mai 'ya'ya, kuma bai iya wata sana'a ba sai wadda ya koya a gefen ubansa. Ya sunkuyar da kai. A gidanmu idan Kawu Babba ya yanke magana, ta yanku.

Bari in faɗi yadda aikin yake, domin wanda bai taɓa gani ba. Ana ɗaure guntun itace a kwance tsakanin tsinin ƙarfe biyu, ya riƙa juyawa da gudu, mai aiki ya ɗora masa kaifin cizal, wato ƙarfen sassaƙa, itacen ya riƙa zubar da jikinsa har ya fito da siffar da ake so: ƙafar gado, ƙafar kujera, muciya, kwarkwaron masaƙa. Akwai wani ƙarfe a kwance gaban itacen da ake ɗora cizal a kai, Kawu yana ce masa matashi. Lokacin da ya koyi aikin a wurin Bayaraben nan, da hannu ake juya wata babbar ƙafa kamar ta keken shanu, ita ke jan igiya ta juya itacen. Daga baya, wajejen shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ya samo tsohon injin niƙa mai shan gas, ya haɗa shi da bel. Aiki ya yi sauri. A shekarar ne kuma ya rasa ƙaramin yatsansa na hagu da wanda ke biye da shi. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ganganci ya yi, Allah Ya taƙaita. Ba ya ƙara komai a kai.

Tun daga nan ya zama mutum mai ƙa'ida. Idan ya iso rumfa da safe, ba ya taɓa inji sai ya tuɓe riga ya rataye, ya saura daga shi sai 'yar shara. Ya zare zobe ya sa a aljihun rigar. Carbinsa, wanda ko a kasuwa yana naɗe a wuyan hannunsa, ya rataye shi a wata ƙusa da ya kafa domin shi kaɗai. Na taɓa ce masa cikin wasa, ashe akwai inda Kawu ke rabuwa da carbi. Ya ce Allah Yana jin tasbihin da aka yi da harshe, inji kuwa ba ya bambanta carbi da igiya.

Sannan ya zauna wasa ƙarafansa a dutse, a natse, kamar ba shi da aikin da ke jira. Yakan ce ƙarfe mai kaifi bai taɓa ba shi tsoro ba, dakusasshe shi ke cije itace ya fizge hannu. Ya ɗauki itacen ya juya shi ta kowane gefe, ya ƙwanƙwasa yana saurare. Idan ya ɗaure shi, sai ya juya shi da hannu tukuna, ya ga bai taɓa matashi ba, ya ƙara matse tsinin. Ya sa wani tabarau irin na masu babur, mai roba a baya, wanda ke sa yaran unguwa dariya. Ya yi bisimilla, ya koma gefe guda kafin ya saki bel, domin in itace zai kuɓuce a farkon juyi yake kuɓucewa, kuma gabansa yake nufa. Idan zai goge aiki da sanfefa, sai ya tsayar da komai ya cire matashin, don kada yatsa ya shige tsakani. Tsumma kuwa bai yarda a naɗa shi a hannu a goge itace mai juyawa ba, ko da wasa.

Duk wannan ba wanda ya ƙi. Abin da ya haɗa shi da mutane shi ne sallama.

Idan itace na juyawa, Kawu ba ya jin kowa. Ka yi sallama, ka maimaita, ka yi gyaran murya, idonsa na kan bakin cizal. Sai ya kai inda yake son kaiwa, ya janye ƙarfen, ya ajiye shi, ya ture bel da sandar da aka tanada. Kuma ba ya dafa itacen don ya tsaya da wuri, yana tsaye yana kallonsa har ya gaji don kansa. Sannan ya ɗaga tabarau, ya karkaɗe jiki, ya fito da fara'a ya amsa maka, ya gaishe ka gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gona da yara, har ka gaji. A ƙarƙashin dalbejiyar da ke bakin rumfar ya ajiye benci, ƙafafunsa aikin hannunsa, da randar ruwa mai sanyi da moɗa, domin mai jira ya jira a zaune. Waɗanda suka saba sukan zo su zauna abinsu. Baƙo kuwa, ko mutum mai jin kansa, yakan tsaya a rana yana cika yana batsewa, wani ma ya juya ya tafi.

Abin yana damunsa, kada a ɗauka bai damu ba. Wata rana bayan azahar ya kira ni, da yake ya san na ɗan zauna gaban malamai. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, ko yana ɗaukar zunubi. Na ce masa abin da na ji shi ne amsa sallama wajibi ne, amma malamai sun ambaci waɗanda ake saurara wa sai sun gama, kamar mai salla da mai kiran salla. Kuma kare jiki daga halaka shi ma umarni ne. Na ce to me zai hana ya amsa da baki kawai, idonsa na kan aiki?

Ya yi dariya. "Ɗan yayata, ka taɓa ganin Bahaushen da ya amsa sallama da baki kawai? In bakina ya amsa, wuyana zai juya. In wuyana ya juya, hannuna zai bi. Haka aka raine mu. Kuma ka amsa wa babba kana ba shi ƙeya, ai gara ka yi shiru ya ɗauka ba ka ji ba."

Gaskiya ya faɗa.

Taubashina ya sha wuya kafin ya iya wannan shiru. Shi mutum ne mai son hira, ni kuma ban raga masa ba. Idan na tarar shi ke kan inji, nakan tsaya daga nesa in ce ga bawana can an ɗaure shi, yau zan faɗi duk abin da na ga dama. In ce masa mai kan gwanda, in ce matarsa ta ce tuwon jiya shi ya cinye rabon yara. Yana ji, kunnensa har motsi yake yi, amma ba halin ya juyo. In ya tsayar da inji sai ya biyo ni da muciya. Rannan Kawu ya ji ni. Bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna da hannunsa na hagu, wanda bai cika miƙa wa mutane ba, ya riƙe har na ji gurbin yatsun nan biyu a tafina. Ya ce wasan taubasai halal ne, amma in bari sai ɗan'uwana ya ajiye ƙarfe, sannan in zage shi har dare in na so. Daga ranar na koma zama a benci kamar kowa.

Abotarsa da Bamagujen nan ma ta kan ƙin karɓar itace ta fara. Mutumin ya ɗauro gungumen kanya a jaki tun daga ƙauyensu, ya iso da rana tsaka, gumi ya jiƙa shi. Kawu ya ƙwanƙwasa itacen ya ce ba zai hau inji ba, akwai tsaga a ciki. Mutumin ya ɗauka raini ne, ko don ba addini ɗaya suke ba, ya fara ɗaure kayansa. Kawu ya zaunar da shi, ya sa aka kawo masa fura, ya ɗauko gatari ya fasa gungumen a gabansa. Ga tsagar nan ta ratsa shi, har da wata tsohuwar ƙusa da itacen ya haɗiye, irin wadda manoma ke kafawa su rataye gora. Ya ce masa da wannan ya hau inji, da rabi ya tashi ya sami fuskar wani. Sannan ya zauna da gizago ya sassaƙa masa 'yar kujera daga ɓangaren da ke da lafiya, ya ce ya kai wa uwargida. Ya kuma koya masa yadda ake ƙwanƙwasa itace a ji muryarsa. Tun daga nan mutumin bai ƙara kawo marar kyau ba, kuma duk kaka sai ya aiko wa Kawu da damin dawa. Da 'yarsa ta tashi aure, Kawu ya ce ƙafafun gadonta shi zai yi, kyauta. Ya gama biyu, ta uku tana ɗaure a kan inji ciwo ya kwantar da shi.

Saura rigimarsa da wansa, wadda ba na jin daɗin faɗa, amma in na tsallake ta ban faɗi Kawu ba.

Shekarar da Kawu Babba ya sauke farali, da ya dawo bai jira ƙaninsa ya je masa sannu da zuwa ba. Don ƙauna ya shigo mota ya zo Funtua da kansa, da 'yan rakiya, cikin farar babbar riga da ya ɗinka domin wannan rana, ya riƙo masa dabino da ruwan zamzam. Ina zaune a benci suka iso. Na miƙe zan tare shi, ya ɗaga mini hannu, yana murmushi, wai shi zai ba ƙaninsa mamaki. Ya yi sallama. Kawu na sassaƙar wata doguwar ƙafar gado, bai juyo ba. Ya sake yi da ƙarfi. Shiru. 'Yan rakiya suka fara kallon juna. Sai Kawu Babba ya kutsa cikin rumfar, ya miƙa hannu ta saman itacen zai dafa kafaɗarsa. Hannun rigar ya zubo. Na gani da idona, tsakaninsa da itacen bai kai faɗin yatsa ba.

Kawu ya fizge cizal, ya sa kafaɗa ya bangaje wansa. Dattijon ya yi baya ya zauna daɓas cikin tulin garin katako, hularsa ta faɗi, dabino ya watse. Kuma ko a lokacin Kawu bai tafi ɗaga shi ba sai da ya ture bel.

Kawu Babba ya tashi da kansa, ya karkaɗe rigarsa, ya fita. Kawu ya bi shi har tasha ba riga, garin katako a gemunsa, yana ba shi haƙuri. Washegari ya tafi Malumfashi ya durƙusa a zaurensa. Ni ma na je na faɗi abin da na gani. Kawu Babba ya ce shi bai ga wata riga kusa da wani itace ba. Abin da ya gani shi ne ƙanin da ya goya a bayansa ya kayar da shi a gaban mutane. Ya ce ya yafe, domin bai dawo daga ɗakin Allah don ya riƙe ɗan'uwansa ba. Amma yana da sharaɗi guda: duk ranar da ya sake yin sallama a rumfar nan, a amsa masa nan take, kamar yadda ake amsa wa na gaba.

Kawu ya daɗe kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Yaya, ka ce in bar garin nan, in bari. Ka ce in ba ka gidana, in ba ka. Wannan kam ba zan yi maka alkawarin da zan karya ba."

Ba su yi gaba ba, kada in yi musu ƙarya. Suna haɗuwa a suna da biki da jana'iza, Kawu na durƙusawa ya gaishe shi, shi kuma yana amsawa. Amma Kawu Babba bai ƙara taka bakin rumfar ba. In ya zo Funtua ta ɗaya ƙofar yake shiga gidan. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Na lura duk ranar da aka ce wansa na gari, Kawu ba ya tayar da inji, sai ya wuni yana wasa ƙarafa, yana share bencin nan, yana sake ruwan randa, yana duban hanya. Har ya koma ga Allah wansa bai zauna a kai ba.

To, a cikin kwanakin makoki, Kawu Babba ya shiga cikin gida yi wa matar marigayi gaisuwa, wadda muke kira Iya. Ni na raka shi. Tana takaba, tana daga cikin ɗaki, labule a tsakani. Bayan an yi addu'a ya gaya mata hukuncin da ya yanke game da injin. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce tana da magana, in Yaya ya ba ta izini. Ta ce an hana ta faɗa, amma wanda ya hana ta da wanda aka hana ta dominsa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ta ce ranar da Malam, wato Kawu, ya rasa yatsunsa Juma'a ce. Ya dawo daga masallaci da babbar rigarsa, ya ce bari ya ƙarasa wani ɗan aiki kafin ya tuɓe. Lokacin injin sabo ne a wurinsa. Sai ga mahaifinta ya iso daga Ƙarfi, ba zato. Ita ta ji muryarsa ta leƙo ta zaure. Tsohon ya yi sallama a bakin rumfa. A da, lokacin da ake juya ƙafar da hannu, mai juyawa na ganin baƙo yake tsayawa, aiki ya tsaya. Inji kuwa bai san baƙo ba. Malam ya ji muryar surukinsa, jikinsa ya yi abin da ya saba: ya juyo ya zube ƙasa zai gaishe shi. Hannun riga ya hau itacen. Kafin ta rufe baki ta buɗe, ya naɗe ya ja hannun ya cusa tsakanin itace da ƙarfe.

Ta ce mahaifinta ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana cewa shi ya jawo. Malam, jini na zuba, ya ce masa a'a Baba, tun kafin ka iso rigar ta kama. A hanyar asibiti ya ce mata kada ta kuskura wani ya ji, kada a ce tsoho ya zo gidan 'yarsa ya nakasa mijinta. Tsohon ya rayu bayan haka yana zuwa gidan yana cin abinci da sakin jiki, ya mutu yana ganin ba laifinsa ba ne.

"Yaya," in ji ta, "ba rashin ladabi ne ya cinye yatsunsa ba. Ladabin ne. Ranar da ya ture ka, ya shigo nan ya ce mini ya ga hannun rigarka a inda nasa ya kama. Ya ce gara ka yi fushi da shi da hannunka biyu." Sannan ta ƙara da cewa, game da yaron nan kuma, domin ba ta kiran sunan ɗan fari, ubansa bai bar masa gona ba, ya bar masa yadda ake tsayawa gaban inji a koma gida lafiya.

Kawu Babba ya yi salati a hankali, ya dafa bango ya miƙe, muka fito. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma janye ta ba.

Bayan addu'ar bakwai taubashina ya roƙe ni in nema masa izinin ƙarasa ƙafafun gadon 'yar Bamagujen nan, tunda alkawarin mamaci ne kuma biki ya matso. Kawu Babba ya ce ya ƙarasa, in ya gama a kira masu kwancewa.

Da hantsi ya shirya zai koma Malumfashi, na ɗauko masa jaka. Na nufi ƙofar da ya saba bi, sai na ga ya bi ta wajen rumfa. Ya tsaya a inuwar dalbejiya, ya dogara da sandarsa. Taubashina bai gan mu ba. Ya tuɓe riga ya rataye. Ya zare zobe. Ya kai carbinsa ga ƙusar nan, ya tarar na ubansa na rataye a wurin, ya ɗan tsaya, sannan ya ɗora nasa a kai. Ya juya itacen da ubansa ya bari da hannu, ya ƙara matse shi, ya sa tabarau, ya koma gefe, ya saki bel. Na fahimci Kawu Babba bai taɓa tsayawa ya kalli aikin ba sai ranar. Ya ƙura wa itacen ido, yadda gudu ya sa ba a ganin kusurwarsa, yadda sassaƙe ke tashi yana zuba a kafaɗar mai aiki.

Ana cikin haka sai ga wani dattijo daga Matazu, abokin marigayi tun na ƙuruciya, wanda labari bai kai masa da wuri ba. Ya sha babbar riga, idonsa ya yi ja don kuka. Ya hango ɗan amininsa, ya ɗaga murya ya yi sallama, ya nufi cikin rumfar da hannu a miƙe, yana fara ta'aziyya tun daga nesa. Na ga kafaɗar taubashina ta motsa. Tsoho ne, sa'an ubansa, ya zo yi masa gaisuwar ubansa. Na ga wuyansa ya fara karkatowa.

Ban san Kawu Babba na da sauran irin wannan ƙarfi ba. Ya saki sanda, ya cafko rigar baƙon ta baya, ya fizgo shi har suka yi tangal-tangal su biyu. Baƙon ya juyo a fusace.

"Yi haƙuri, Malam," in ji Kawu Babba, yana haki. "Zo mu zauna. Ba a yi masa magana sai itacen ya tsaya."

Ya ja shi zuwa bencin, ya zauna. Ya shafa katakon da tafin hannunsa. Ya ɗebi ruwa a randa ya miƙa wa baƙon, ya ɗiba ya sha. Muka jira. Taubashina ya kai ƙarshen ƙafar, ya janye cizal, ya ajiye, ya ture bel, ya tsaya yana kallon itacen yana rage gudu har ya tsaya don kansa. Ya ɗaga tabarau ya juyo, sai ya ga wanda ke zaune a bencin. Ya zo ya durƙusa.

Kawu Babba bai dube shi ba tukuna. Ƙusar nan yake kallo, inda carbi biyu ke rataye. Ya yi sallama cikakkiya, a hankali, kuma duk wanda ke wurin ya san ba ga mai durƙuson kaɗai ya yi ta ba. Taubashina ya amsa masa, ya amsa wa baƙon.

Sai Kawu Babba ya kamo hannuwan taubashina biyu, ya juya su ciki da baya, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, kamar mai jan carbi. Ya sake su. Ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfar, inda rana ke shigowa ta hudojin kwano.

"Wannan rufin ba zai kai damina ba," in ji shi. "In ka kai wa mutane gadonsu, ka sa a canza shi."

Ya karɓi sandarsa a hannuna, muka kama hanyar tasha.

Ya Allah, bawanka ya sa mutane jira a ƙofarsa don kada jini ya zuba, kuma bai taɓa barin mai jira da ƙishirwa ba. Kada Ka sa shi jira a ƙofar rahamarka. Ka sa mala'iku su tare shi da sallama, ya amsa nan take, hannuwansa cikakku. Amin.